Gimbiyar da Aka Hana Kallon Finafinanta a Ƙasarta: Lamarin Fadar Monako, 1956 zuwa 1982

Wata 'yar wasan fim ta Amurka, Grace Kelly, ta auri Rainier na Uku, yariman da ke mulkin Monako, ƙaramar ƙasa da ke maƙale da kudancin Faransa a bakin teku, a watan Afrilu 1956, tana da shekara 26, tauraruwarta na tsakiyar haskawa. Ta ƙara wasu shekara 26 a fada, kuma a cikinsu ba ta sake fitowa a fim ɗin sinima a matsayin wata mace dabam ba, duk da tana so, ana kuma nemanta. Sau biyu ana kawo mata babban tayi, sau biyu ana fasawa. Sai a shekaru 6 na ƙarshen rayuwarta aka samo hanyar da za ta tsaya gaban 'yan kallo ba tare da fada ko talakawa sun ɗaga murya ba.

## Kafin 1955: inda kowa ya fito

A Filadelfiya aka haife ta, a watan Nuwamba 1929, gidan masu hali mabiya Katolika. Mahaifinta ɗan kwangilar aikin bulo ne, ya ci lambobin zinare 3 a tseren kwale-kwale a gasar Olamfik, kuma bai ɗauki wasan kwaikwayo a bakin komai ba. Ita kuwa tun 1947 ta tafi New York ta shiga makarantar koyon wasan kwaikwayo, tana tallar kaya a mujallu don ta riƙe kanta. Daga 1951 zuwa 1956 ta yi finafinai 11, uku daga ciki Alfred Hitchcock ne daraktansu. Ranar 30 ga Maris 1955 ta karɓi lambar Oscar ta gwarzuwar jaruma, a kan fim ɗin da ta fito matar wani mashayi, sanye da tabarau da tsohuwar rigar sanyi, fuska ba kwalliya. A wannan watan ne kuma kamfanin MGM, wanda ta sa wa hannu a kwantiragin shekara 7 a 1952, ya dakatar da ita saboda ta ƙi finafinan da ya zaɓa mata. Gara a tsayar mata da albashi da ta yi fim ɗin da bai kwanta mata ba.

Duk finafinan nan 11 sun bi ta hannun masu tacewa sun fita lafiya. Tun watan Yuli 1934 manyan kamfanonin Hollywood ba sa sakin fim sai ya sami takardar shaida daga ofishin da Joseph Breen ya shugabanta har 1954. Ƙa'idojin sun hana tsiraici, sun hana sumba mai tayar da sha'awa, sun kuma ce mai laifi a labari kada ya tsira da laifinsa. Bayan wannan ofishi ga ƙungiyar Katolika ta Legion of Decency, mai raba finafinai rukuni-rukuni tana gaya wa mabiya wanda bai halatta su kalla ba. Daraktoci sai suka koyi zagaye. A fim ɗin da Hitchcock ya ɗauka da ita a gaɓar tekun kudancin Faransa a 1954, akwai inda take zaune da jarumin a ɗakin otal da dare, fitila a kashe. Da sun matso kusa da juna sai kyamara ta koma kan wasan wuta yana fashewa a sama, ta dawo kansu, ta sake komawa. Ɗan kallo ya gane abin da ake nufi, mai almakashi kuwa bai sami abin kamawa ba.

Masu kallon zamanin ba sa raba jaruma da rawar da ta taka. A 1950 Ingrid Bergman, wadda jama'a suka saba gani a matsayin mace ta gari, ta haihu da darakta Roberto Rossellini alhali da aurenta. Wani sanata ya miƙe a zauren majalisar dattawan Amurka ya yi tir da ita, ta yi shekaru ba ta aiki a Hollywood.

Monako kuwa a lokacin ba ta kai murabba'in kilomita 2 ba. Mazaunanta kimanin 20,000 ne, 'yan asalin ƙasa a cikinsu 'yan dubbai kaɗan. Tun 1869 ba a biyan harajin kuɗin shiga. Arzikin ƙasar ya dogara da gidan caca da otal-otal, kuma tun 1953 akalar kamfanin da ya mallake su tana hannun attajirin jiragen ruwa ɗan Girka, Aristotle Onassis. Yariman ya hau gado a 1949 bai yi aure ba. Yarjejeniyar da aka ƙulla da Faransa a 1918 ta ce in gadon sarauta ya rasa magaji, ƙasar za ta koma ƙarƙashin kariyar Faransa. Abin da ɗan Monako ke jin tsoro a nan shi ne haraji da aikin soja. Don haka auren yarima zance ne da ya shafi aljihun kowa. Ya taɓa yin shekaru tare da wata jarumar fim ta Faransa, amma abin bai kai ga aure ba.

## Mayu 1955 zuwa Afrilu 1956: aure da sharaɗinsa

Sun haɗu ranar 6 ga Mayu 1955. Ta je bikin finafinai na Cannes, mujallar Paris Match ta shirya a ɗauke ta hoto da yariman a fada. Daga nan sai wasiƙu. A watan Disamba ya isa gidansu a Filadelfiya, ranar 5 ga Janairu 1956 aka sanar da baiko.

Fim ɗin da ta gama kafin baikon, a matsayin gimbiya ta fito a ciki. A na ƙarshe kuma, wanda aka ɗauka bayan baiko, zoben lu'ulu'un da ke yatsarta a allo shi ne ainihin zoben da yariman ya ba ta. Tun kafin biki ya shaida wa 'yan jarida cewa matarsa ta gama fim. Ita ba ta yi masa musu a fili ba.

Ta bar New York a jirgin ruwa ranar 4 ga Afrilu, ta isa Monako ranar 12. Jirgin saman Onassis ya yi ta zubo furanni ja da fari, launin tutar ƙasar, a kan tashar jiragen ruwa. An ɗaura auren hukuma ranar 18, na coci ranar 19. An ƙiyasta mutum miliyan 30 ne suka kalla ta talabijin.

MGM ne ya ba da kyautar rigar amarya, wadda mai tsara tufafin kamfanin, Helen Rose, ta zana. Shi ne kuma ya ɗauki bikin a fim ya nuna a sinimomi. A madadin haka ya ƙyale ta ta tafi. Amma ba a yaga takardar kwantiragin ba. Sauran shekarun da suka rage a kanta ajiye su aka yi, kuma babu wanda ya damu da wannan a ranar.

## 1956 zuwa 1961: an rufe allo

Marubuta tarihinta sun ruwaito cewa bayan auren yariman ya hana nuna finafinanta a cikin Monako. Umarnin daga fada ya fito, kuma bai bambanta fim da fim ba: da wanda ta fito matar mashayi da wanda ta fito gimbiya, hukuncinsu ɗaya. Birnin Nice na Faransa tafiyar kilomita 20 ne kacal, garin Beausoleil ma tsallake titi kawai ake yi a shiga, kuma ikon fada bai kai can ba. A cikin iyakarta dai, matar yarima ba za a gan ta a allo tana kuka ko dariya ko sumbatar wani namiji ba, ko da an ɗauki hoton tun kafin ta san akwai Monako.

Abin da ƙasa ke jira ya samu da wuri. Ta haifi mace a watan Janairu 1957, namiji a watan Maris 1958. Fargabar yarjejeniyar 1918 ta kwanta. A 1958 aka ba ta shugabancin ƙungiyar agaji ta Red Cross ta Monako, ta riƙe aikin da gaske, ta mayar da liyafar tara kuɗinta ta shekara-shekara abin da manyan duniya ke halarta. Masu yawon buɗe ido daga Amurka suka fara tururuwa.

A cikin gida kuwa abin ba sauƙi. Faransancinta bai nuna ba a shekarun farko, fadawa suna da tsoffin al'adunsu, ƙawayenta suna ƙetaren teku. Macen da ta saba tashi da asuba ta tafi wurin ɗaukar fim, ta yi gardama da darakta a kan yadda za a faɗi jimla ɗaya, yanzu aikinta karɓar baƙi da yanke ƙyalle da murmushi. Mahaifinta ya rasu a watan Yuni 1960. Waɗanda suka san ta sun ba da labarin ƙunci da kaɗaicin da ta shiga a wannan tsakani, shi kansa yariman ya lura.

## 1962: yunƙurin farko

Hitchcock bai taɓa cire rai da dawowarta ba. Ya sayi haƙƙin wani littafi na Winston Graham da ya fito a 1961, mai suna Marnie, ya aika mata. Labarin wata mace ce da ke neman aiki a ofisoshi da sunan ƙarya, ta sami amincewar masu gida, ta buɗe akwatin kuɗi ta kwashe ta ɓace, ta rina gashi ta sake suna. Wani attajiri ya kama ta, ya tilasta mata aurensa maimakon ya miƙa ta ga 'yan sanda. Tana ƙyamar namiji ya taɓa ta, saboda wani abu da ya faru tana ƙarama. Ga ɗan wasa, rawa ce mai nauyi irin wadda ake jira shekaru. Yariman ya amince.

A tsakiyar watan Maris 1962 fada ta fitar da sanarwa: gimbiya za ta fito a fim ɗin Hitchcock, a Amurka za a ɗauka, a lokacin hutun bazara na iyali. Kwana kaɗan bayan haka aka ƙara da cewa kuɗin da za a biya ta asusun taimakon yara za su shiga. An yi tanadin amsar tambayoyi biyu ke nan, ta lokaci da ta kuɗi. Ba su ne tambayoyin da jama'a suka yi ba.

'Yan Monako suka ƙi. Damuwarsu ita ce uwar magajin sarauta za ta fito ɓarauniya mai taɓuwar hankali, kuma duniya za ta biya kuɗi ta kalli wani namiji yana rungumarta, a ƙasar da Katolika ne addinin hukuma. Jaridun Turai suka shiga da nasu hasashen. Wasu suka ce auren ne ya yi tsami, wasu suka ce baitulmali ne ya bushe har sai gimbiya ta koma aiki.

Sai MGM ya ɗago takardar nan da aka ajiye tun 1956. Ya ce in za ta koma gaban kyamara, shi take bin aiki tukuna, ba Hitchcock ba.

Babban abin da ya dagula lamarin kuwa siyasa ce. Tun Janairu 1959 yariman ya dakatar da tsarin mulki, dangantakarsa da majalisar ƙasa ba daɗi. A Janairu 1962 ya sallami ministan ƙasa, Émile Pelletier, Bafaranshe, bayan wata zazzafar sa-in-sa. Shugaban Faransa Charles de Gaulle ya ɗauki wannan cin fuska. Dama Faransa na jin haushin yadda kamfanoni da attajiranta ke komawa Monako don gudun haraji, har da masu kwaso dukiyarsu daga Aljeriya. A makon da fada ta yi sanarwar fim ɗin ne Faransa ta sa hannu a yarjejeniyar Evian da ta tsayar da yaƙin Aljeriya, hannun de Gaulle ya saku. A watan Afrilu Faransa ta ba da wa'adin wata 6 na janyewa daga yarjejeniyar maƙwabtaka. Ƙasar da ba ta da iyaka da kowa sai Faransa da teku ta shiga halin gaba kura baya sayaki. A irin wannan yanayi, a ce matar mai mulki ta tafi Amurka wata da watanni tana wasan fim, magana ce da ko masoyanta ba za su iya karewa ba.

Shi ma Hitchcock aikin wani fim ya riƙe shi, lokacin ɗauka ya gusa daga hutun bazarar da aka ambata. A watan Yuni ta janye. Ta rubuta masa wasiƙa cewa barin fim ɗin ya karya mata zuciya. Ya mayar da amsa yana lallashinta, ya ce ta yi daidai, ai fim ne kawai.

Ranar 12 ga Oktoba 1962 da dare Faransa ta jibge jami'an kwastam a kan iyaka, motoci suka yi dogon layi a hanyar da a da ake wucewa ba tsayawa. Ranar 17 ga Disamba yariman ya ba da sabon tsarin mulki, wanda ya rage ikonsa, ya ba mata ƙuri'a a zaɓen majalisar ƙasa, ya soke hukuncin kisa. Ranar 18 ga Mayu 1963 aka sa hannu a yarjejeniyar haraji: Faransawan da ba su daɗe da zama a Monako ba za su biya Faransa harajinta, 'yan ƙasa kuwa suna nan yadda suke. Fim ɗin Marnie ya fito a 1964, Tippi Hedren da Sean Connery suka ja shi. A cikinsa akwai inda mijin ya afka wa matar da ƙarfi a jirgin ruwa lokacin amarci, wurin da wani marubucin fim ɗin ya ƙi yarda da shi har aka sallame shi.

## 1963 zuwa 1975: kusa da dandamali, ba a kansa ba

Wata 8 da janyewarta, a Fabrairu 1963, ta fito a talabijin ɗin CBS ta Amurka tana zagayawa da masu kallo cikin Monako, fada da lambuna da tituna. Babu wanda ya yi ƙorafi. A 1966 ta gabatar da buɗewar wani fim na Majalisar Ɗinkin Duniya a kan fataucin miyagun ƙwayoyi, nan ma shiru. A duka biyun da sunanta da sarautarta ta fito.

Sauran ƙarfinta ta zuba shi a kan wasu. Ta kafa ƙungiyar kare yara ta AMADE a 1963, gidauniyar tallafa wa masu sana'ar hannu a 1964, ƙungiyar masu lambu a 1968, makarantar rawar bale a 1975. Ta haifi autarta a 1965. Da mawaƙiya Josephine Baker ta rasa gidanta na Faransa saboda bashi, ga yara 12 da take riƙo, gimbiyar ce ta samar mata gida a Roquebrune kusa da Monako, ta kuma taimaka mata ta koma dandamali. Da Baker ta rasu a 1975, a Monako aka binne ta.

A can Hollywood kuwa an soke tsoffin ƙa'idojin tacewa a 1968, aka maye su da rarraba finafinai bisa shekarun mai kallo. Abin da a da ake ɓoyewa bayan wasan wuta yanzu ana nuna shi kai tsaye. Fim ya ƙara nisa da abin da fada za ta iya haɗiyewa.

## 1976: ƙofa ɗaya ta rufe, wata ta buɗe

Abubuwa uku suka faru kusan lokaci guda. Ta karɓi kujera a kwamitin gudanarwar kamfanin 20th Century Fox, tana cikin matan farko da suka zauna irin wannan kujera a Hollywood. Wannan ya ba ta dalilin tafiye-tafiye da karanta labaran fim da zama da mutanen sana'arta, amma daga bayan tebur.

Na biyu, darakta Herbert Ross ya zo mata da tayi. Labarin ƙawaye biyu ne 'yan rawar bale: ɗaya ta bar rawa ta yi aure ta haihu, ɗaya ta ci gaba ta shahara ta tsufa ita kaɗai, suka haɗu bayan shekaru kowacce na kallon rabon 'yar'uwarta. Ba sata a ciki, ba rikici da Faransa, yara sun girma, ita kuma tana da shekara 46. Yariman bai amince ba. Shirley MacLaine da Anne Bancroft suka yi fim ɗin, ya fito a 1977, aka zaɓe shi takarar Oscar a rukuni 11.

Na uku shi ne wanda ba a sa wa ido ba. A 1976 Amurka ke cika shekara 200 da samun 'yanci, bikin fasaha na birnin Edinburgh ya shirya daren karanta rubutattun waƙoƙin Amurkawa. Mai shirya taron, John Carroll, yana neman muryar mace Ba'amurkiya. Ta amsa. A watan Satumba ta tsaya a St Cecilia's Hall, ɗakin taro mai ɗaukar mutum kimanin 200, tare da 'yan wasa maza biyu, Richard Kiley da Richard Pasco. Ba kiɗa, ba canza kaya, ba wanda ya taɓa wani. Mace ce cikin doguwar riga, takarda a gabanta, tana fitar da baiti da murya da numfashi da ɗaga kai. Cikin abin da ta karanta akwai waƙar Elinor Wylie da ta yi wa lafazin kudancin Amurka, BBC ta sa ta cikin zaɓaɓɓun abubuwan da ta watsa a shekarar. Shekara 20 ke nan rabonta da aikin da ta koya a New York. Masu sharhi suka yaba, Monako ba ta ce uffan ba, fada ma haka.

## 1977 zuwa 1982: hanyar ta faɗaɗa

Daga nan gayyata ta yi ta zuwa. A 1977 ta yi karatu a cocin da aka binne Shakespeare a Stratford. A 1978 ta zagaya biranen Amurka, ta kuma yi a fadar St James a Landan gaban mahaifiyar Sarauniyar Ingila. A 1977 ɗin ne ta ba da muryarta ga wani fim na gaskiya a kan makarantar rawar bale ta Leningrad, wanda shi ma ya shiga takarar Oscar.

Ranar 9 ga Maris 1981 ta yi karatu a Goldsmiths' Hall a Landan, taron tara kuɗi. A daren ne Diana Spencer, mai shekara 19, ta fara fita taron hukuma bayan baikonta da Yarima Charles na Ingila, cikin baƙar riga mara hannu da ta matse ta, 'yan jarida sun yi mata ca. Diana da kanta ta ba da labari daga baya cewa gimbiyar ta lura da halin da take ciki, ta ja ta gefe ta saurare ta, sannan ta ce mata kada ta damu, abin gaba ma zai fi haka tsanani.

Daraktan fim ɗin Leningrad, Robert Dornhelm, ya matsa taki ɗaya gaba. A 1979 suka ɗauki gajeren fim na barkwanci, kimanin rabin awa, a gasar shirya furanni ta Monako. Labarin ƙirƙira ne: wani masanin taurari ya zo taro, aka ɗauke shi wani mutum dabam aka jefa shi gasar furanni. Amma gimbiyar a matsayin kanta ta fito, shi ma yariman ya leƙo a ciki. Wani gidan talabijin na Amurka ya nuna sha'awa in za a tsawaita shi ya kai awa guda.

Ba a kai ga haka ba. Ranar 13 ga Satumba 1982, tana tuƙo mota daga gidan gonarsu na Roc Agel tare da autarta, jijiyar jini ta sami matsala a ƙwaƙwalwarta, motar ta kauce a wata kwana ta faɗa gangare. Ta rasu washegari tana da shekara 52. Diana ce ta wakilci Sarauniyar Ingila a jana'izar. Gajeren fim ɗin ba a sake shi ga jama'a ba. Yariman bai ƙara aure ba har ya rasu a 2005.

A 2007 ɗanta, wanda ya gaji sarauta, ya buɗe babban baje koli a Monako na cikarta shekara 25 da rasuwa. An nuna kayan da ta sa a finafinai, da Oscar ɗinta, da wasiƙunta da Hitchcock, da sassan finafinan da a da ba a nunawa a ƙasar. A 2014 kuma da aka yi wani fim a kan rikicin 1962 aka buɗe bikin Cannes da shi, 'ya'yanta suka ce an murɗe tarihi, suka ƙi halarta.

## Me ya hana, me ya yi aiki

Idan aka jera abin da aka yarda da abin da aka ƙi, layin a bayyane yake. Zagayen talabijin na 1963, gabatarwar 1966, muryar da ta ba fim ɗin Leningrad, karatun waƙoƙi, har gajeren fim ɗin 1979, duka sun wuce, kuma a duka ita ce ita, da sunanta. Tayin 1962 da na 1976 sun faɗi, kuma su kaɗai ne za ta ari sunan wata da halin wata. Ofishin Breen abin da ke cikin fim yake dubawa, a yanke daƙiƙa kaɗan a ba da takarda. Fadar Monako wadda ke cikin fim ɗin take dubawa, don haka babu abin da za a yanke ya wadatar. Karatun waƙa ya yi aiki ne saboda ya ba ta abin da take ƙishirwa, wato haddace baiti, sarrafa murya, jin numfashin 'yan kallo, ba tare da talaka ya ga gimbiyarsa ta zama wata ba.

Yunƙurin 1962 kurakurai huɗu suka taru a kansa: an zaɓi rawar ɓarauniya don dawowar farko, an yi sanarwa ana tsakiyar rigima da de Gaulle, ba a warware da MGM ba, ba a kuma ji ta bakin 'yan ƙasa kafin a faɗa wa duniya ba. Uku na ƙarshe sakacin fada ne, ba nata ba, kuma ita ce ta sha kunyar janyewa a bainar jama'a. Duk da haka ban ga laifin 'yan Monako ba. Mutane ne 'yan dubbai da ba su da sojan da zai tare Faransa, martabar gidan sarauta ita ce katangarsu, kuma wanda ya kalli fim ɗin da ya fito a 1964 ya san da ita ce a ciki, da abin da suka ji tsoro ya faru.

Ƙin amincewar 1976 ce ban sami hujjarta ba. Akwai magaji mai shekara 18, an daidaita da Faransa tun 1963, Onassis ya saki kamfanin caca tun shekarun 1960, labarin kuma na uwa ne mai aure da 'ya'ya. Abin da aka tsare a 1962 ƙasa ce. A 1976 ba abin da ya rage a tsare sai maganar da yarima ya faɗa wa 'yan jarida shekara 20 da suka wuce. Ina kuma ganin an makara wajen neman hanya ta uku. Tun Fabrairu 1963 aka ga cewa jama'a ba sa ƙin ganinta gaban kyamara in da sunanta ta fito, amma sai da aka ƙara shekara 13 kafin wani mai shirya taro daga wajen fada ya kawo mata takarda ya ce ta karanta.